Kwaɗon da Ya Fito daga Katangar Bakura

Talata, 8 ga Yuli, 2025

Matata Maimunatu ta sake taɓa mini akwati. Na dawo daga kasuwa na tarar ta janyo shi daga ƙarƙashin gado ta kai zaure, wai albasa za ta shanya a ɗaki saboda ruwa. Albasa. Kwaɗunan da na yi shekaru ina tarawa suna zaure inda kowa zai iya ɗaga murfi, albasa kuwa tana ɗaki a kan tabarma kamar baƙuwa. Na yi magana, ta ce, "To ai ƙarhe na, ba shi ruɓewa." Ban tanka ba, don in na tanka sai ta ɗauko maganar kananzirinta da nake ƙararwa wajen wanke kwaɗuna.

A shago ma ban huta ba. Ni kayan injin ban-ruwa nake sayarwa, kowa a Mafara ya sani, amma yau wani ya tsallake masu neman tiyo ya ce in zo in buɗe masa shagon ƙanensa, wai ƙanen ya yi tafiya. Na ce ya jira ƙanen ya dawo. Ya ce ai an ce ina buɗe kowane kwaɗo. Ina buɗewa, amma nawa, a kan bencina, don jin daɗina. Na gaji da wannan bayani. In ka ce wa mutum kana tara tsofaffin kwaɗuna kana buɗe su da waya ba don komai ba, sai ya yi maka kallon ɓarawon da ya tuba, ko mahaukacin da bai fara jifa ba.

Bayan la'asar na goge kwaɗona na reluwe don in huce. Farin ƙarfe da tagulla, da ɗan murfi a bakin mabuɗi, irin wanda ake kulle taragon gyaɗa da shi a zamanin Turawa. Shi kaɗai ne a akwatin da ban taɓa buɗewa da waya ba. Yana da mabuɗinsa, kuma ban yi gaggawa ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Ba ciniki. Albasa na nan a ɗaki.

Asabar, 12 ga Yuli

Mukhtar mijin ƙanwata Taiba ya zo daga Bakura a kan babur, riƙe da baƙar leda nesa da jikinsa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi ruwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ledar na rataye a yatsansa. Sai da na ce Mukhtar, mene ne a ledar nan, sannan ya ajiye ta a ƙasa, ba a kan benci ba.

Ruwan shekaranjiya ya kayar da katangar tsohon ɗakin kakansa. Ana kwashe ƙasa aka ga wani abu naɗe cikin fata. Kwaɗo, a kulle, ba mabuɗi.

Allah ya yafe mini, abin da na fara ji murna ce. Ɗan'uwan nawa ne na reluwe, sak. Murfi iri ɗaya, kafaɗa iri ɗaya. Na ɗauka nawa kaɗai ya rage a ƙasar nan.

Sai Mukhtar ya ce, "Yaya, Taiba na tsaye sadda anka tono shi. Tun ranan ba ta ci abin kirki ba. Matan gida sun ce kulle na anka yi mata."

Murna ta koma ciki. Taiba ta yi ɓari biyu, na uku ya zo ba rai. Yanzu cikinta ya shiga wata bakwai, ga hawan jini, likita ya ɗora ta a kan magani. Kuma ba a rasa abin da za a tono a gabanta ba sai kwaɗo a kulle.

Na zaunar da shi na yi masa bayani a tsanake. Kwaɗon nan ya girmi Taiba, ya girmi Mukhtar, ya girmi mahaifin Mukhtar. Kakansa fataucin gyaɗa ya yi zuwa Ƙaura inda jirgin ƙasa ke ɗauka, can ya samo shi, mabuɗi ya ɓata, ya ji ƙyashin yarwa ya cusa a katanga, kamar yadda tsofaffi ke cusa komai a katanga. Fatar ma ta zama gari. Wa zai kulle matar da ba a haifi uwarta ba? Ya yi ta gyaɗa kai har na gama, sannan ya ce, "Haka na, Yaya. To yaushe za ka buɗe shi?"

Lahadi, 13 ga Yuli

Na je Bakura. Ƙafafun Taiba sun kumbura, fuska ta faɗa. Ni na yi ta goyon yarinyar nan bayan rasuwar Inna, na san fuskarta in tana ɓoye tsoro. Yau ko ɓoyewar ba ta yi.

Na maimaita mata bayanin jiya, har na nuna mata tambarin da ke gindin kwaɗon. Ta ce, "Yaya, kai ka san ƙarhe. Ni na san abin da naj ji ga jikina sadda nag gan shi."

Abin da ya tayar mini da hankali, ta daina shan maganin. Na ga kwalin a kan taga, cike. Ta ce, "Mi magani za shi yi ga abin da anka kulle?" Na ɗaga murya, abin da ban saba yi mata ba. Ba ta ko ɗago kai ba.

Mukhtar ya ce a kawo guduma a huta. Tsofaffin gidan suka yi caa a kansa, wai in aka fasa, kullen ya zauna ke nan har abada, sai dai a buɗe shi yadda mabuɗi zai buɗe. A nan kaɗai na yarda da su, amma dalilinmu ba ɗaya ba ne.

Na ce mata ki sha maganinki, kafin Jumma'a na buɗe shi. Ta ce, "In ka buɗe, in sha."

Bakina ne. Kullum bakina.

Litinin, 14 ga Yuli

Na je wurin yayanmu Malam Zakariyya bayan ya sallami ɗalibai, da zaton shi zai tsawatar musu. Ya saurare ni yana shafa gemu, ya ce sihiri gaskiya ne, kuma ba wanda ya san gaibu. Na ce Malam, ban ce babu sihiri ba, cewa na yi wannan kwaɗon ya girmi Taiba. Ya ce, "To Wahabu, ka buɗe shi mana. Mi ab abin gardama? Ranar buɗewa ka kira ni in karanta Falaƙi da Nasi."

Kowa ka buɗe shi mana, kamar tulu.

Ya dai kira ta a waya a gabana, ya ce shan magani ba ya hana tawakkali, kuma rai amana ne. Ta ce to. Na san irin wannan to ɗin, tun tana ƙarama take yi mini shi.

Laraba, 16 ga Yuli

Ya kwana biyu cikin kananzir. Murfin ya motsa, ƙasa ta fito, cikin bai ci tsatsa yadda na ji tsoro ba. Fatar ta yi aikinta.

Irin wannan kwaɗo yana da 'yan ƙarafa jere a ciki, ni harsuna nake ce musu. Waya ɗaya tana jan sakata, ɗaya tana ɗaga harsunan ɗaya bayan ɗaya har kowane ya zauna a gurbinsa. Na lanƙwasa sababbin wayoyi daga ƙarfen tsohuwar laima. Harsunan suna ɗaguwa, suna zama, ina jin su a yatsa. Sai in ja, shiru. In sake, su zube, in koma farko.

Jumma'a, 18 ga Yuli

Bai buɗe ba.

Talata, 22 ga Yuli

Labari ya zaga gari. Ban san wanda ya kai shi ba, amma ina zargin wadda ke kwana a ɗakina.

Ranar kasuwa, shago cike da manoman madatsar ruwan Bakolori, sai ga wata mata daga Jangebe da kwaɗo a ƙulle a bakin mayafi. Wai a bayan ɗakinta ta tsinta, kuma tun bara kasuwancinta ya tsaya. Ɗan China ne, irin na akwatin ɗalibai, fentinsa ma bai goge ba. Na ce Hajiya, wannan wani ne ya yar. Ta ƙi tafiya. Don in rabu da ita na sa waya, kafin ta gyara zama ya buɗe. Kuskure. Ta durƙusa a gaban mutane tana godiya, tana kirana Malam. Na ce ni ba malami ba ne, tiyo nake sayarwa. Ta ce ai haka na ƙwarai ke cewa.

Da na koma gida na tarar da kaza ɗaure a turmi. Matar ta bi ta gida. Na ce Maimunatu ki mayar mata. Ta ce, "Ni na san hanyar Jangebe?" An riga an ɗora ruwan zafi.

Na China ya buɗe cikin ƙiftawar ido, na ƙanwata yana kallona.

Alhamis, 24 ga Yuli

Maradun, wurin Jatau mai tsofaffin ƙarafa. A hannunsa na sami nawa na reluwe, kuma yana da gwangwanin madara cike da mabuɗan da ba su da kwaɗo. Na ce ko Allah zai sa.

Hanya kowa sai addu'a yake a mota saboda 'yan bindiga. Direban ɗan Janbako ne, yana tuƙi yana kallon daji maimakon titi, ramuka kuwa bai bar ko ɗaya ba. Maimunatu ta ce kada in je. Ban gaya mata cewa ni ma ban so ba.

Na zauna a rumfar Jatau na gwada mabuɗan kaf. Wasu sun shiga ba su juya ba, wasu ko shiga. Yana ta zuba mini labarin tsadar garwashi. Da ya tambayi inda na samo kwaɗon, na yi wautar gaya masa. Ya ja kujerarsa baya, ya ce, "Alhaji, don Allah ɗauke shi bisa tabarmata." Mutumin da ke kwana cikin tarkacen motocin da suka yi haɗari.

Na dawo da ciwon baya da baƙin yatsu.

Asabar, 26 ga Yuli

Mukhtar ya kira. Taiba na ciwon kai, kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Ya kai ta asibiti da ƙyar, ma'aikaciyar jinya ta yi musu faɗa sosai, ta ce jinin ya hau inda bai kamata ba. Sun dawo gida da sabon magani. Ya ce tana karɓa a hannunsa, in ya juya ta cusa ƙarƙashin matashi.

Na ji kamar in hau babur in je in ɗura mata kamar akuya. Ina jin haushin Taiba, da tsofaffin gidan, da kakan Mukhtar da bai iya ajiye mabuɗi ba, da ruwan da ya kayar da katanga. Na fi jin haushin hannuna.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Dabara ta zo mini a masallaci, inda bai kamata ba.

Kwaɗunan iri ɗaya ne. Nawa yana da mabuɗi. In na buɗe nawa a gida, na mayar da hannunsa har ya kusa kamawa, na liƙe da kakin zuma, ba wanda zai ce ba a kulle yake ba. In shafe shi da laka da toka. In je gabanta in ɗan soka waya, in ja. Ta sha magani, kowa ya huta, na gaske kuma in buɗe shi a tsanake ko da baɗi ne.

Na gaya wa Maimunatu. Ta ce, "Baban Amira, Taiba ba yarinya ta ba." Na ce ai ba cuta ba ce, magani ne. Ban kira Malam Zakariyya ba, don ba zan sa shi karatu a kan kakin zuma ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Da ban je ba.

An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsofaffin sun zagaye. Na fito da shi daga leda, na soka waya, na ɓata fuska kamar mai wahala, na ja. Ya buɗe. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Mukhtar ya rufe fuska da hannu.

Taiba ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta juya shi, ta goge bayansa da bakin zane, ta sake gogewa. Ta ce, "Ba shi na ba."

Na ce Taiba, wace irin magana ce wannan. Ta ce, "Wancan shina da tsaga ukku ga baya, awa sawun kaza. Kullum ina ganinai cikin barci." Gaskiya ce. Na ga tsagar tun ranar farko, na ɗauka ni kaɗai ke kula da irin wannan.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da na sami abin lallashi. Ta ajiye shi a gabana a hankali, ta ce, "Ashe ba shi buɗuwa, Yaya. Da ka hwaɗa min gaskiya." Ta dafa bango ta tashi ta shiga ɗaki.

Ba wanda ya raka ni ƙofa sai Mukhtar. Dā tana jiran in buɗe. Yanzu ba ta jiran komai, kuma ni na yi wannan.

Talata, 29 ga Yuli

Maimunatu ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Ta ajiye mini kunu ta fita. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 30 ga Yuli

Na yanka nawa.

Ba yadda zan san abin da ke hana ni sai na ga cikin irinsa da idona. Na ɗaure shi a benci, na ci kan ƙusoshinsa da magagari, wuri ɗaya ya ƙi sai da na sa zarto. Tagullar ta tsage a kafaɗa. Ba zai sake zama kwaɗo ba. Abin da ya tsallake zamanin Turawa da rumfar Jatau, ni da na fi kowa sonsa ni na kashe shi. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na daure ba, sai da na fita waje na tsaya.

Amma na gani. Kowane harshe yana da gurbi biyu, na gaskiya da na ƙarya. Na ƙarya ɗan gajere ne, yana gaba. Waya ta ɗaga harshe, ya faɗa na ƙarya, yatsa ya ji kamar ya zauna. Duk kwanakin nan ina jera harsuna a gurbin ƙarya ina mamakin abin da ya hana. Wanda ya ƙera wannan abu mugun mai basira ne, ya mutu ya bar mini aiki.

Bambancin kaɗan ne. In harshe na gurbin gaskiya yana ɗan rawa in ka taɓa. A na ƙarya ƙam yake.

Jumma'a, 1 ga Agusta

Na rufe shago. Wani ya yi ta bugun ƙofa yana kiran mai buɗe kulle, ban amsa ba. Ina koyo a kan yankakken, ido buɗe, sannan ido rufe. Yatsana ya fashe.

Malam Zakariyya ya tare ni bayan Jumma'a. Ya ji labarin kakin zuma. Na shirya wa wa'azi, sai kawai ya riƙe hannuna ya duba yatsan, ya ce a hankali, "Ya kusa?"

Asabar, 2 ga Agusta

Da hantsi na ji su suna rawa, ɗaya bayan ɗaya, saura na can ciki. Na ji sakata ta fara bi. Na saki wayar da gangan, suka zube.

Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba. Amma in na kai mata shi a buɗe, bayan abin da na yi, cewa za ta yi yankawa na yi na liƙe. Sai dai a gabanta. In kuwa ya ƙi a gabanta, ban san da wace fuska zan dawo ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

Mun tafi da Malam a babur ɗaya, yana bayana yana riƙe da hula.

Taiba ba ta fito ba sai da Malam ya shiga da kansa. Na miƙa mata kwaɗon kafin komai na ce duba. Ta juya bayansa, ta ga tsagar, ta ja hannunsa da ƙarfi, ta kankare da farce ko akwai kaki. Ta miƙo mini.

Ba benci, sai turmi aka kifa mini. Mukhtar ya riƙe kwaɗon. Malam ya fara karatu. Kaji, yara a kan katanga, wata tsohuwa tana ba ni shawarar in juya shi gabas. Na yi ta ɗagawa, suka zube. Na sake, waya ta lanƙwashe. Gumi na shiga mini ido. Na ji wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Yau ma wasa na." Na ce duk wanda ya sake magana zan tattara in tafi. Ƙarya nake yi, ina za ni.

Na ɗauko wata waya. Ban san sadda na fara bin Malam a karatun ba, sai ji na yi bakina na motsi. Na farko ya yi rawa. Na biyu ya faɗa na ƙarya, na sassauta, na ɗaga shi ya wuce. Haka har na can ciki. Na ja a hankali.

Ƙarar ba ta kai ta tsinken ashana ba. Hannun ya ɗago.

Ba wanda ya yi guɗa wannan karon, kowa Taiba yake kallo. Ta karɓa, ta leƙa ramin, ta karkaɗe shi a tafin hannu. Ƙasa ce ta zubo da ɗan baƙin kananzir. Ta ce, "Ɗan wanga abu." Sai ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a gwiwata kamar tana shekara biyar. Na ce to ya isa, kawo maganin. A gabana ta haɗiye, na sa ta buɗe baki na duba. Daga baya ta ce tana son gasasshiyar masara, Mukhtar ya fita da gudu ba takalmi.

Tsofaffin suka ce a jefa kwaɗon a gulbi. Na miƙe tsaye. Taiba ta ce, "A ba Yaya abinai, ya wahala." Na sa shi a aljihu kafin wani ya sake shawara.

Talata, 5 ga Agusta

Taiba ta je awo. Jini ya fara sauka. Magani ne ya yi aiki, kuma na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, har da waɗanda ba su tambaya ba. Ba wanda ya saurara. A Bakura yanzu cewa ake yi da na buɗe shi hayaƙi ya fito.

Wasu mata biyu sun zo da kwaɗuna. Na ce na daina. Na ce wa Maimunatu in ta sake karɓar kaza ita za ta buɗe.

Talata, 19 ga Agusta

Na goge shi ya fito fes, ya ma fi wanda na yanka kyau. Ya kamata in yanka masa mabuɗi, in rufe, in sake buɗewa da waya a natse, ba kaji ba tsofaffi, don in tabbatar ba sa'a ba ce. Aiki ya yi yawa a shago. Sati mai zuwa.

Laraba, 3 ga Satumba

Taiba ta kira, wai ta yi ƙiba har zoben hannunta ya matse. Na ce ta gaya wa likita, kada ta gaya mini. Ta yi dariya.

Mabuɗin na nan, na yanka, ya shiga daidai. Ban gwada rufewa ba tukuna.

Alhamis, 11 ga Satumba

Mace. Da hantsi, a asibiti a nan Mafara. Ta yi kuka da ƙarfi, na ji ta daga baranda. Uwa lafiya. Malam ya yi mata huɗuba, muryarsa ta sarƙe a tsakiya, ya ce mura ce.

Ba ni da abin rubutawa. Alhamdu lillahi.

Asabar, 20 ga Satumba

An yi suna shekaranjiya, Zuhura. Na ci shinkafa har na kasa hawa babur.

Yau Maimunatu na shara ta janyo akwatin, ta ɗaga murfi, ta ga na Bakura a sama. Na shigo na tarar da shi a hannunta, babban yatsanta a kan hannun kwaɗon, tana cewa wa ya bar wannan a buɗe. Ban san na yi tsawa ba sai da Amira ta leƙo daga tsakar gida. Na karɓe shi.

Ta kalle shi da kyau, ta ga ɗan itacen da na cusa a ramin, da wayar da na naɗe shi da ita. Ko ta danna ba zai kama ba. Ta ce, "Baban Amira, wanga iccen hwa?" Na ce saboda sifirin ne, tsohon ƙarfe in ya daɗe a matse yana gajiya. Ta ce, "Sauran duk ba su gajiya?" Na ce ta je ta ji da shararta.

Kwaɗon ya girmi Taiba, wannan ban canza ba, kuma a gaban kowa zan faɗa. Magani ne ya yi aiki.

Na mayar da shi can ƙasan akwati, na naɗe da tsumma, yadda hannu ba zai kai gare shi da kuskure ba. Mabuɗin na ba Malam ya ajiye, ban ce masa na mene ne ba, shi ma bai tambaya ba. Zan rufe shi, ba wani abu ba ne. Bari dai yarinyar ta fara tafiya tukuna.